Alfijir na Ƙarya da Nauyin Shaida

A kudancin birnin Njamena, bayan an haye kogin Shari, akwai unguwar da ake kira Tukra. A nan ne Jami'ar Njamena take da ɗaya daga cikin manyan harabobinta, inda samari da 'yan mata daga sassa dabam dabam na ƙasar Chadi suke neman ilimi. Da yake wurin yana bakin gari, darensa ya fi na tsakiyar birni duhu. Bayan ɗaukewar damina, a daren da babu farin wata, wanda ya tashi da sauran dare ya dubi gabas yana iya ganin wani haske fari-fari, mai faɗi daga ƙasa, mai tsini daga sama. Baƙo zai ce gari ya waye. Alhali kuwa da sauran sa'a guda ko fiye kafin alfijir na gaskiya ya keto, shi kuwa a kwance yake shimfiɗuwa a gindin sama. Maƙwabta Musulmi sun daɗe da sanin wannan bambanci, gama lokacin salla da na kama azumi sun rataya a kansa. Hasken na fari shi ne ake kira alfijir na ƙarya.

Abin lura shi ne, wannan haske yana nan da gaske, har ana ɗaukar hotonsa. Hasken rana ne yake dukan ƙurar da take warwatse tsakanin duniyoyin da suke kewaya rana, ƙurar kuwa ta maido shi zuwa idon mai kallo. Wanda ya ce, "Na ga haske a gabas," ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce, "Gari ya waye," ya yi kuskure, yana kuma iya tashin matafiya su kama hanya cikin duhu. Abu ɗaya suka gani, amma shaidarsu ta bambanta. Tambayar da take ƙarƙashin wannan tsohuwa ce, tana kuwa da nauyi: sa'ad da mutum ya hangi wani abu dishi-dishi, abin da zuciyarsa take marmarin ya zama gaskiya, iyakar me ya halatta ya faɗa? Tun shekarar 2005 masanan taurari suke fama da wannan tambaya a kan wani alfijir dabam, wato ketowar hasken taurari na fari. Gardamarsu tana da abin koyarwa ga ɗalibi, da mai wa'azi, da mai ba da shaida a gaban alƙali.

Haske manzo ne daga dā

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, duk da haka tafiya tana cin masa lokaci. Hasken rana yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso duniya. Na taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta yakan yi fiye da shekara 400 a hanya. Saboda haka duk wanda ya dubi nesa, zamanin dā yake dubawa. Rana da dukan taurarin da ido yake gani suna cikin garke guda mai taurari fiye da biliyan 100. Bayan wannan garke akwai waɗansu garkunan taurari tuli, waɗanda haskensu ya yi shekaru miliyoyi da biliyoyi yana tafe.

Awon da masana suka yi ya nuna cewa sararin samaniya ya yi shekara wajen biliyan 13.8 yana faɗaɗa, daga wani hali na matsanancin zafi da matsi. Bayan shekara 380,000 ya huce har haske ya sami hanyar wucewa. Sa'an nan dogon duhu ya biyo baya, babu tauraro ko ɗaya, sai iskar haidirojin da hiliyam. Lissafi ya nuna cewa bayan shekara miliyan 100 zuwa 200 iskar ta dunƙule a wurare dabam dabam, taurari na fari suka kama da wuta. Ana zaton manya ne ƙwarai, masu zafi, masu gajeren kwana. Har wa yau ba a tabbatar da ganin ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ba. Amma hasken da suka zubar bai ɓace ba, yana nan yana tafiya.

Sai dai a hanya ya sake kama. Yayin da sarari yake faɗaɗa, hasken da yake ratsa shi yana miƙewa, kamar zane a jikin robar da aka ja. Hasken da ya taso daga can ya fi shuɗi kaifi, kafin ya iso nan ya riga ya wuce ja, ya shiga inda idon ɗan'adam ba ya gani. William Herschel ne ya gano irin wannan haske a Ingila a shekarar 1800. Ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo da gilashi mai kusurwa uku, ya sa ma'aunin zafi a bayan launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Wannan shi ne hasken bayan-ja, ɗumin da fata take ji a kusa da garwashi. In aka tattara dukan hasken bayan-ja da yake zuwa daga wajen garkenmu na taurari, daga kowane zamani, sai ya zama wani ƙyalli mara ƙarfi da ya lulluɓe sama duka. A shekarar 1967 masana biyu a Amurka, Bruce Partridge da James Peebles, suka yi hasashen cewa hasken garkunan taurari na farko yana ɓoye a cikin wannan ƙyalli.

Ƙura a kan hanya

Mutumin Chadi ba ya bukatar a koya masa abin da ƙura take yi wa gani. Kwarin Bodele da yake arewacin ƙasar shi ne wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, hazon hunturu kuwa yakan mai da rana kamar faifan azurfa. Abin da yake damun masanan taurari ke nan. Duniya tana iyo ne a tsakiyar ƙurar nan da take haddasa alfijir na ƙarya, hasken ƙurar kuwa ya fi ƙyallin da ake nema ƙarfi nesa ba kusa ba. Ko an harba na'ura sama da iskar duniya, tana cikin ƙurar. Bayan ita kuma ga taurarin garkenmu da tasu ƙurar.

A watan Nuwamba na 1989 hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna COBE. A shekarar 1992 ya nuna cewa tsohon hasken nan na shekara 380,000 bai yi daidai wa daida a ko'ina ba, yana da ɗan bambanci na kashi 1 cikin 100,000, daga irin wannan ɗan bambanci ne kuma garkunan taurari suka tsiro. John Mather da George Smoot sun sami kyautar Nobel ta 2006 saboda aikin COBE. Daga awon wannan na'ura kuma aka ba da sanarwar gano ƙyallin bayan-ja, a Faransa a 1996 da kuma a Amurka a 1998. Amma sashen da aka tabbatar shi ne mai nisa da ja, wanda yawancinsa ɗumin ƙura ne a cikin garkunan da suka zo daga baya. Sashen da yake kusa da ja, inda ake sa ran hasken taurari na fari, ya ƙi aunuwa sosai, domin kuskure kaɗan wajen cire hasken ƙura ya isa ya haifi abin da babu, ko ya haɗiye abin da yake akwai.

Sai masana suka sake dabara. Wanda ya tsaya a Tukra da dare ya dubi arewa yana ganin ƙyallin birni a sama. Ba zai iya ƙidaya fitilu ba, amma yana iya lura cewa ƙyallin ya fi kauri a inda gidaje suka cunkushe, ya kuma yi sauƙi a inda suka yi ƙaranci. Hazon da farin wata ya haskaka kuwa bai ɗaya yake shimfiɗuwa. Haka hasken ƙurar da take kewaye da rana yake, sumul, garkunan taurari kuwa cure-cure suke zama. Saboda haka maimakon a auna yawan ƙyallin duka, sai a auna dabbare-dabbarensa, wato inda ya ɗan fi haske da inda ya ɗan fi duhu. Kafin a yi haka dole a rufe kowane tauraro da kowane garke da aka sani a cikin hoton, kamar yadda mai tafiya yakan tare fitilar mota da tafin hannu domin ya ga wanda yake gefen hanya. Abin da ya rage bayan an rufe dukan masu suna, shi ne abin bincike.

Gardamar masana

A watan Nuwamba na 2005 Alexander Kashlinsky da abokan aikinsa uku na cibiyar Goddard ta NASA, har da John Mather, suka buga sakamako a mujallar Nature. Sun yi amfani da madubin hangen nesa na Spitzer, wanda aka harba a 2003, mai faɗin santimita 85. Sun ɗauki hoton da aka yi wajen sa'a 10 ana tarawa daga wani ɗan yanki na sama, suka rufe dukan abin da aka sani, sai ga dabbare-dabbare manya sun rage, fiye da yadda garkunan da aka ƙidaya za su iya haifarwa. Suka ce mai yiwuwa ne wannan shi ne hasken taurari na fari, ko na iskar da take faɗawa cikin baƙaƙen ramuka na farko. Jaridun duniya suka ɗauka da murna, da yawa kuwa suka jefar da kalmar nan "mai yiwuwa" a hanya.

Ba a daɗe ba aka ta da gardama. A 2007 Rodger Thompson na Jami'ar Arizona da abokansa, bisa ga hotunan madubin Hubble, suka ce ƙananan garkuna marasa haske na zamanin baya-bayan nan sun isa su bayyana abin da suka gani. A 2012 Asantha Cooray na Jami'ar Kalifoniya da nasa abokan suka auna yanki mafi faɗi da Spitzer ɗin nan dai. Suka tabbatar cewa dabbare-dabbaren suna nan, amma suka ba su wani suna. A ganinsu, sa'ad da garkunan taurari suka yi karo ko suka gifta juna, ƙarfin jan da yake tsakaninsu yakan fizge taurari ya watsar da su can bayan garke. Kowane ɗaya ya yi ƙanƙanta a gan shi daga nesa, amma taronsu yana ba da ƙyalli.

A watan Nuwamba na 2014 wani gwaji mai suna CIBER ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. An ɗora na'urorin ɗaukar hoto a kan roka a White Sands ta jihar New Mexico, suka yi 'yan mintoci a sama da iskar duniya, suka dawo. Daga tashin 2010 da na 2012, Michael Zemcov da James Bock da abokan aikinsu suka sami ƙyalli mai yawan da ya yi kusa da hasken dukan garkunan da aka sani, launinsa kuma ya karkata wajen shuɗi fiye da yadda ake tsammani ga hasken da ya yi irin wannan doguwar tafiya. In fassararsu daidai ce, to, kusan rabin taurari suna iya zama a wajen garke.

Amma ɗaya ɓangaren ma bai rasa hujja ba. A 2013 Nico Cappelluti da abokansa suka gwada dabbare-dabbaren Spitzer da na hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda madubin Chandra ya auna a yankin sama guda. Sai suka ga tudu ya faɗa kan tudu, kwari kan kwari. Taurari irin rana ba sa fitar da wannan haske da yawa, baƙaƙen ramuka masu haɗiyar iska ne suke fitar da shi. Ga inda magana ta tsaya ke nan: ɓangarorin sun yarda akwai saura, sun rabu a kan sunansa.

Akwai dalilin da ya sa suke taka-tsantsan. A watan Maris na 2014 masu gwajin BICEP2, wanda aka kafa a ƙarshen kudancin duniya, suka sanar cewa sun ga wani tambari a cikin tsohon hasken nan, alamar abin da ya faru a ƙiftawar ido ta farko. Aka yi ta maganar Nobel. Kafin shekara ta zagayo, suka haɗa awonsu da na tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Planck, a farkon 2015 kuma ɓangarorin biyu suka bayyana tare cewa ƙurar garkenmu ta isa ta haifi abin da aka gani. Alfijir na ƙarya ne. Abin yabo a wurinsu shi ne, da hannunsu suka miƙa awonsu ga waɗanda za su iya rushe shi.

Abu uku da bai kamata a cakuɗa ba

Daga wannan labari ana iya fitar da abu uku da kowane mai shaida yake riƙe da su, ko ya sani ko bai sani ba. Na fari shi ne abin da ya gani. Na biyu shi ne abin da ya rage bayan ya cire dukan dalilan da aka sani. Na uku shi ne sunan da ya ba saurar. Na fari aikin ido ne, na biyu aikin haƙuri, na uku kuwa a nan ne son zuciya yake samun ƙofa. Shaidar zur, wadda ɗaya daga cikin Dokoki Goma ta hana, ba kullum take farawa da ƙaga abin da bai faru ba. Sau da yawa tana farawa ne da mutumin kirki wanda ya ga wani abu da gaske, ya tsallake mataki na biyu, ya faɗi na uku da muryar da ta dace da na fari kaɗai.

Misali mai kyau na raba waɗannan abubuwa ya faru a 1965. Arno Penzias da Robert Wilson na kamfanin Bell a jihar New Jersey sun yi ta jin wani shuu a na'urarsu ta rediyo, daga kowace kusurwa ta sama. Suka bincike wayoyi, suka gwada ko hayaniyar birnin New York ce, har suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a cikin na'urar suka goge kashinsu. Ƙarar ba ta tafi ba. Da suka zo bugawa, suka rubuta gajeriyar takarda a kan abin da suka auna da abin da suka cire. Fassarar cewa wannan shi ne tsohon hasken farkon zamani ta fito a wata takarda dabam, ta Robert Dicke da abokansa na Jami'ar Princeton, a mujalla guda. Ko da fassarar ta faɗi, awon zai tsaya. Ba ta kuwa faɗi ba, mutanen biyu suka sami Nobel a 1978.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan al'amarin masu madubin hangen nesa ne kaɗai. Yaro ya rasu a gida ba zato. Zazzaɓin cizon sauro, da gurɓataccen ruwa, da maganin jabu, duka dalilai ne sanannu, amma ba wanda ya tsaya ya cire su ɗaya ɗaya. Baƙin ciki yana neman suna, sai a tuna da wata tsohuwa gwauruwa a ƙarshen layi wadda aka gani ta wuce ƙofar gidan da magariba. An gan ta da gaske. Daga "an gan ta" zuwa "mayya ce" akwai rami mai zurfi, mutane da yawa kuwa sun rasa gida, waɗansu sun rasa rai, domin an tsallake shi da tsalle ɗaya. Kuɗin baiko ya kasa a lissafi, kafin a duba littafi an riga an kira sunan ma'aji. An ga hayaƙi a wata unguwa, kafin a san mafarinsa an ce masu wani addini ne suka sa wuta, matasa kuwa su ɗauki sanduna. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai haske na gaske da suna na gaggawa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da gardamar masanan ta bayyana. In fassara biyu suna gaban mutum, ɗaya tana ɗaukaka shi ko tana kwantar masa da rai, ɗayar kuwa ba ta da armashi, to, ta farin ce ya kamata ya fi tsananta wa bincike. Wanda ya gano taurari na fari ya shiga tarihi. Wanda ya gano taurarin da suka ɓace daga garke, wa zai yi masa kiɗa? Duk da haka amsar da ba ta da armashi tana iya ɗauke da gaskiya mai girma. A watan Oktoba na 2022 kogunan Shari da Logon suka tumbatsa, ruwa ya ci unguwanni irin su Waliya, aka tsugunar da dubban mutane a sansani a Tukra. Da a ce wani ya ƙidaya mutanen birni a waccan shekara ta wurin ƙidaya gidajen da suke tsaye, da ya bar dubbai a waje, alhali suna nan, suna hura wuta, suna renon 'ya'ya. In ta tabbata cewa taurari masu yawa haka suna zaune a wajen garke, darasin shi ne, ƙidayar da ta dogara ga masu adireshi kaɗai gajeriya ce. Mai gaggawar neman labari mai daɗi yakan taka irin wannan gaskiya ya wuce.

Amma shiru fa?

Wani zai ce, ashe wannan koyarwa ba za ta haifi matsorata ba? In kowa ya jira sai ya tabbata sarai, wa zai yi magana? Mai gadin da ya hangi ruwa yana hawa a bakin Logon da tsakar dare, zai jira safiya ne kafin ya ta da mutane? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, bai kuwa kamata a share shi ba. Akwai shirun da yake zunubi ne. Wanda ya ga ana zaluntar maraya ya ce bai tabbata ba tukuna, alhali tsoro ne ya kama bakinsa, ya ɓoye ragwantarsa a bayan rigar taka-tsantsan.

Amma in an duba da kyau, masanan nan ba su yi shiru ba. Da Kashlinsky bai fito da ra'ayinsa a 2005 ba, da wataƙila ba a ba wannan tambaya irin ƙwazon da aka ba ta daga baya ba. Abin da ake bukata shi ne mutum ya yi magana da muryar da ta yi daidai da nauyin hujjarsa, ya kuma bayyana hanyar da ya bi, domin wanda bai yarda ba ya iya bin sawu. Mai gadi ya ce, "Ruwa ya kai gindin bishiyar can, jiya bai kai ba, ku tashi ku duba." Wannan shaida ce cikakkiya, tana ceton rai, kowa kuma yana iya gwada ta. Akwai kuma ma'auni na biyu, wato wa zai biya in an yi kuskure. In mai gadi ya kuskure, mutane sun rasa barcin dare ɗaya. In mai zargin maita ya kuskure, wata ta rasa mutuncinta har kabari. Iyakar tsadar kuskure ga wani, iyakar nauyin hujjar da ake bin mai magana.

Firist ɗin da ya ƙi gaggawa

Da yake maganar farkon halitta ce, jaraba ta musamman tana jiran mai bi. In ya ji masana suna zancen haske na fari, zuciyarsa takan yi tsalle ta ce ga Littafin Farawa an tabbatar da shi da na'ura. Wani kuma yakan tsorata ya toshe kunne. Tarihi ya ajiye misalin mutumin da ya ƙi duka biyun. Fada Georges Lemaître, firist ɗan ƙasar Beljiyam kuma malami a Jami'ar Luben, shi ne ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa ya faro ne daga wani hali mai matsi ƙwarai. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi inda ya ɗauki wannan ilimi kamar shaida ce ga halitta. Lemaître bai ji daɗi ba. Ya ci gaba da koyar cewa lissafinsa yana magana ne a kan abin da ake aunawa, bai tilasta wa kowa bangaskiya ba, bai kuma hana kowa ba.

Ya yi haka ne domin yana girmama abu biyun. Ya san cewa ra'ayin masana yana iya sakewa gobe, wanda kuma ya ɗaure bangaskiyarsa a jikin awon bana, zai ga an kwance ta tare da awon baɗi. Mai wa'azin da ya hau mumbari a 2014 ya ce an ga hatimin ranar farko a sama, me zai ce wa ɗaliban da suka karanta a 2015 cewa ƙura ce? Gaskiya ba ta bukatar a taimake ta da ƙari. Ɗalibin da ya taɓa kama malaminsa da ƙari a ƙaramin abu, da wuya ya amince masa a babba.

Jira ma aiki ne

Masanan ba su naɗe hannu ba. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ya ga garkunan taurari da suke nan tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 300 ba. Madubin Euclid na Turai ya tashi a Yulin 2023, akwai kuma ƙungiyar da Kashlinsky yake jagoranta domin auna dabbare-dabbaren nan da shi. A watan Maris na 2025 aka harba SPHEREx ƙarƙashin jagorancin James Bock, domin ya zana taswirar sama duka a launi 102 na hasken bayan-ja. Ta wurin gwada launi da launi ake sa zuciyar rarrabe hasken da ya fito daga kusa da wanda ya fito daga can farko. Ɓangarorin biyu na gardamar kowanne ya ba da shekarunsa ga na'urar da take iya nuna cewa shi ne ya yi kuskure.

Wannan shi ne halin da ya cancanci koyi, a aji, a majami'a, a kotu, da a zauren mai unguwa. Mutum ya faɗi abin da ya gani ba ragi. Ya yi wahalar cire ƙurar da take kusa da idonsa, ƙurar tsoro da ta ƙiyayya da ta son yabo. Ya yarda cewa akwai saura in akwai, kada ya yi musun abin da bai gane ba. Sa'an nan ya riƙe sunan a hannu sake-sake, ya bar wanda ba ya goyon bayansa ya gwada shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, in ji Hausawa. Amma wanda ya hangi Dala ya faɗi gaskiya cewa hange ne, ya ci gaba da tafiya, shi ne ayari zai amince wa ran da ya ce an iso.